Muhammadu Gado Baquaqua: Jikan Katsinawa da Ya Kuɓuta daga Bauta ta Hanyar Teku

Kowace shekara, ran 8 ga Fabrairu, Eklesiya takan tuna da Waliyyiya Josephine Bakhita, 'yar ƙasar Sudan wadda aka sace tana ƙarama aka sayar, kuma tun daga 2015 aka keɓe wannan rana domin yin addu'a saboda mutanen da ake fataucinsu. Labarinta sananne ne a gare mu. Amma akwai wani mutum da ya sha irin wannan ɗaci shekara talatin da 'yan kai kafin ita, wanda kuma ya fi ta kusa da mu ta wajen jini, gama mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. A takardun Turawa ana rubuta sunansa Mahommah Gardo Baquaqua. Mu a bakinmu Muhammadu Gado ne.

Ba ya cikin jerin tsarkaka. Duk da haka mun ga ya wajaba mu kawo tarihinsa a wannan shafi, domin cikin miliyoyin 'yan Afirka da aka kai bauta ƙasar Burazil, shi kaɗai ne aka sani ya bar littafi mai ba da labarin abin da ya same shi. Cikin wannan labari akwai abin da zai ƙarfafa mu, akwai kuma abin da zai sa mu sunkuyar da kai, mu da muke ɗauke da sunan Kristi. Ya kamata mu ji duka biyu.

Asalinsa

An haifi Muhammadu a garin Zugu, wanda ake rubutawa Djougou, a arewacin Jamhuriyar Benin ta yau, wajen shekara ta 1824 bisa ƙiyasin masana tarihi. Wanda ya san fataucin goro na zamanin da, ya san Zugu. Ayarin fatake yakan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da jan fata, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, ya yada zango a Zugu, sa'an nan ya nausa Salaga a ƙasar Gwanja, inda ake sayen goron da ke fitowa daga kurmin Asante. Tafiya ce ta watanni. A kowane babban zango kuwa akan sami unguwar baƙi Musulmi masu saukar da fatake, suna auratayya da juna, suna jin harsuna uku ko huɗu. Cikin irin wannan unguwa Muhammadu ya tashi. Harshen kasuwar garin Dendi ne, ɗan'uwan Zabarmanci, Hausa kuma tana yawo a bakin fatake.

Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mutumin wajen Nikki, Musulmi mai riƙon addini, wanda ya taɓa yin arziki, daga baya dukiyar ta karye. Mahaifiyarsa kuwa zuriyar Katsina ce. Kafin a haife shi ta haifi tagwaye suka rasu suna jarirai, shi ya sa aka kira shi Gado, sunan da mutanen wajen suke ba wanda ya bi tagwaye, kamar yadda mu nan muke cewa Gambo. A al'adarsu ana ganin irin wannan yaro da sa'a yake zuwa, uwarsa kuma ta ƙaunace shi ƙwarai. Wannan ƙauna ce ta zama igiyar da ta riƙa jan zuciyarsa zuwa gida dukan kwanakinsa.

An sa shi makarantar allo a hannun wansa, wanda malami ne, amma karatu bai zauna masa ba, ya yi ta gudu saboda tsananin horo. Da aka ga haka sai aka miƙa shi ga kawunsa, maƙerin sarki, mutum mai wadata wanda yake da gida har a Salaga. A maƙerarsa yaron ya koyi yin allura da wuƙa da sauran ƙananan kayan ƙira. Ashe dai ba ɗan talaka ba ne marar gata. Yana da dangi, yana da sana'a, yana da suna a gari. Mu riƙe wannan a zuci, domin sau da yawa mukan ɗauka masifa irin wannan ta marasa galihu ce kaɗai.

Yaƙi, fada, da giya

Zamanin nan ƙura ba ta kwanta ba a ƙasashen da ke tsakanin Kwara da kogin Volta. Sa'ad da Muhammadu ya zama saurayi, sai ya bi wata runduna a matsayin ɗan dako, yana ɗaukar hatsi, zuwa Daboya a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau, inda ake yaƙin gadon sarauta. Ɓangaren da ya bi ya sha kashi, aka kama shi cikin ganima. Allah ya sa wansa yana wannan yanki, ya nemi hanya ya fanshe shi, ya komar da shi gida. Wannan ce bautarsa ta fari, ta kuwa ƙare da sauri domin akwai ɗan'uwa kusa mai biyan fansa.

Bayan haka ya shiga hidimar sarkin Soubroukou, wani gari kusa da Zugu, ya zama ɗaya daga cikin bayin fada masu tsaron sarki da kai saƙonsa. Bai ɓoye irin zaman da suka yi ba. Ya ba da labari da kansa cewa 'yan fadar nan sukan ƙwace kayan talakawa ba mai iya ɗaga musu murya, shi ma ya yi, ya kuma koyi shan giya har ta zama masa jiki. Samun wuri ya jawo masa mahassada. Wata rana ya kama hanya zai je gaida mahaifiyarsa, sai waɗansu mutane da ya sani suka tare shi da fara'a, suka yi ta kambama shi, suka ja shi zuwa wani ƙauye da sunan ziyara, aka shirya masa liyafa, aka yi ta cika masa ƙwarya. Da gari ya waye ya farka, abokan sun watse, shi kuwa yana ɗaure. An riga an sayar da shi.

Wanda ya karanta Littafin Farawa ba zai rasa tuna Yusufu ba, wanda 'yan'uwansa suka sayar wa ayarin fatake. Hannun da ya fara miƙa Muhammadu ga bauta hannun ɗan gari ne, wanda suka ci tuwo tare. Hausawa sun ce idan bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Ƙetaren farko

Aka kora shi kudu, daga hannun wannan zuwa hannun wancan, ta cikin dazuzzuka da koguna, har ƙasar Dahome, har garin Wida a bakin teku, inda ya fara ganin Bature da idonsa. A can ya gamu da wani mutumin garinsu wanda aka bautar tun da daɗewa, suka gane juna, amma ba abin da ɗaya zai iya yi wa ɗaya. Daga Wida aka bi da su ta ruwan da ke kwance a gefen teku zuwa wurin da jirgi yake jira. Aka tsare su cikin shinge, aka ɗora musu ƙarfe mai zafi a jiki don shaida, kamar yadda ake yi wa dabbobi. Wajen kai su jirgi, igiyar ruwa ta kife da wani kwale-kwale, mutanen da ke ciki suka nitse a gaban idonsa.

Abin da ya faɗa game da cikin jirgin yana da wuyar karantawa. An tura su ƙasa tsirara, maza gefe guda, mata gefe guda. Rufin wurin ya yi ƙasa har mutum ba ya iya miƙewa tsaye, cunkoso kuma ya hana kwanciya, dare da rana duk ɗaya ne. Abincinsu masara ce da aka jiƙa aka dafa, ruwan sha kuwa bai fi moɗa guda a yini ba. Ƙishirwa ta sa wani ya yi yunƙurin fizge wuƙar mai kawo musu ruwa, aka hau da shi sama, ba a ƙara ganinsa ba. Sau biyu kaɗai aka bar su suka fito suka yi wanka. Wanda ya mutu, teku ce kabarinsa.

Masana da suka tattara rajistar jiragen nan sun ƙiyasta cewa an ɗora mutum wajen miliyan 12.5 daga Afirka zuwa ƙetaren Atlantika, waɗanda suka sauka da rai kuwa wajen miliyan 10.7 ne. Kusan miliyan 5 daga cikinsu Burazil aka kai su. Akwai Hausawa da yawa a ciki, har tarihin lardin Bahia ya san su da tawayen da suka shirya a 1807 da wanda suka yi a 1814, kafin babban tawayen bayi Musulmi na Janairun 1835 a birnin Salvador.

A gidan mai burodi

Jirgin ya isa lardin Pernambuco a 1845. Ba a tashar birni aka sauke su ba, sai a gidan gonar wani mutum a bakin gaɓa, gama tun 1831 dokar Burazil ta hana shigo da bayi daga Afirka, ko da yake mahukunta sun kau da kai. Wani mai gidan burodi ya saye shi.

A nan ne labarin ya taɓa mu kai tsaye. Mai burodin nan ɗan Katolika ne, gidansa kuma ba a fasa addu'a sau biyu a rana, da asuba da kuma maraice. Yakan tara iyalinsa da bayinsa gaban siffofin tsarkaka, iyali a gaba, bayi a baya, a durƙushe. Aka koya wa Muhammadu waɗansu kalmomi yana maimaitawa ba tare da ya san ma'anarsu ba, aka koya masa yin alamar gicciye. Maigidan kuwa yana addu'a da bulala a hannu, duk bawan da ya yi gyangyaɗi ko hankalinsa ya tafi wani wuri sai ya ji ta a gadon bayansa. Wannan ce fuskar Kiristanci ta fari da ɗan Bakatsiniyar nan ya gani.

Mu lura da shekarun. Ran 3 ga Disamba 1839 Fafaroma Gregory na 16 ya fitar da wasiƙarsa mai suna In Supremo, inda ya la'anci cinikin baƙar fata, ya kuma hana kowane ɗan Katolika, limami ko wanda ba limami ba, ya kare shi. Shekara shida ke nan kafin a sauke Muhammadu a Pernambuco. Koyarwar tana nan a rubuce, amma riba ta toshe kunnuwa, Burazil kuma ba ta soke bauta ba sai ran 13 ga Mayu 1888, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka.

Aikinsa na fari ɗaukar duwatsu ne daga bakin kogi zuwa inda maigidan yake gini, duwatsu masu nauyin da sai mutum biyu ko uku suka ɗora masa a ka. Da ya fara jin harshen Fotugis har ya iya ƙirga, sai aka ɗora masa tallar burodi cikin gari da ƙauyuka, ranar da bai sayar duka ba kuwa sai duka. Ya gwada biyayya da ƙwazo ko zai sami sassauci, bai samu ba. Ya koma ga giya. Ya gudu, aka kamo shi. A ƙarshe ya yanke ƙauna ya faɗa kogi don ya huta da duniya, masu kwale-kwale suka tsamo shi. Maigidan ya ga wannan kaya ba zai yi riba ba, ya sayar da shi, aka kai shi Rio de Janeiro. A can har wani baƙin mutum ya yi tayinsa. Muhammadu ya riƙe wannan a ransa, daga baya ya yi sharhi cewa mallakar bayi daga samun iko take fitowa, launin fata ba ya hana ta.

Jirgin da ake kira Tunawa

Wanda ya saye shi a ƙarshe shi ne Clemente José da Costa, kyaftin ɗin wani jirgin kasuwanci mai suna Lembrança, wato Tunawa da harshen Fotugis. Aka raɗa masa sunan ubangidansa, ya zama José da Costa. Ya fara da goge ƙarafa da wanke kwanuka, har ya kai ga hidimar teburin kyaftin. Sun yi ta zirga-zirga a gaɓar kudu, suna ɗauko busasshen nama daga Rio Grande da garin rogo daga Santa Catarina.

Ran 24 ga Afrilu 1847 jirgin ya tashi daga Rio da lodin kofi zuwa New York. Tun kafin su tashi bayin da ke ciki suka ji raɗe-raɗin cewa ƙasar da za su babu bauta, gaskiya ne kuwa, domin jihar New York ta gama soke bauta tun ran 4 ga Yuli 1827. Wani Baturen Ingila da ke cikin jirgin ya koya musu kalmarsu ta fari ta Turanci, ita ce kalmar da ke nufin 'yantacce. Muhammadu ya riƙe ta kamar guzuri. Ana cikin tafiya hadari ya taso da dare, fitilar da ke haska wa matuƙi alƙibla ta mutu, aka ce ya kunna, iska ta hana shi. Saboda wannan aka ɗaure shi aka yi masa bulala mai tsanani, ana jira ya roƙi gafara. Ya ƙi. Mutumin da ya taɓa neman mutuwa a kogi yanzu ya sami dalilin rayuwa, tsoro kuma ya fara sakinsa.

Suka iso New York ran 27 ga Yuni. Kyaftin ya lura bayinsa sun canza, ya kulle Muhammadu a ƙasan jirgi. Shi kuwa ya sami wani ƙarfe ya ɓalle ƙofar, ya bi ta kan katakon sauka da gudu, yana ta nanata kalmar nan guda da ya sani, har masu gadi suka cafke shi. Amma labari ya riga ya kai ga ƙungiyar masu yaƙi da bauta ta birnin, baƙaƙe da farare, waɗanda suke sa ido a kan jiragen da ke shigowa. Suka kai ƙara kotu a kan a fito da bayi uku da ke jirgin: Muhammadu, da wani mai suna José da Rocha, da wata mace mai suna Maria da Costa. Maria ta koma jirgi. Mazan biyu suka tsaya a kan bakansu.

Shari'ar ba ta yi musu daɗi ba. Alƙali Charles Daly ya yanke cewa su ma'aikatan jirgi ne, yarjejeniyar da ke tsakanin Amurka da Burazil kuma ta wajabta a mayar wa kyaftin ma'aikatansa da suka gudu. Lauyoyinsu, har da John Jay, jikan babban alƙalin Amurka na fari, suka sake kai maganar gaban Alƙali Edwards, shi ma bai saɓa wa na farko ba. Ana tsare da su a kurkukun titin Eldridge, ana shirin ƙara ta uku, sai gari ya waye ran 10 ga Agusta ɗakinsu wayam. Mai gadi ya ce barci ne ya sace shi ya bar makullai a kan tebur. Abokan da suka buɗe ƙofar sun riga sun tanadi keken doki. Aka bi da su a ɓoye har Boston, suka yi mako huɗu a can, sa'an nan aka ba su zaɓi tsakanin Ingila da Haiti. Muhammadu ya zaɓi Haiti, domin ya ji yanayinta ya yi kama da na gida, mutanenta kuma baƙaƙe ne. Teku ce ta kawo shi bauta, ita ce kuma ta fitar da shi.

Haiti

Haiti ƙasa ce da bayi suka ƙwaci kansu daga hannun Faransa da yaƙi, suka kafa ta ran 1 ga Janairu 1804. Amma 'yanci bai zo wa Muhammadu da tuwo ba. Ya sauka Port-au-Prince ba ya jin harshen mutanen, ba shi da kowa. Ya yi barori a gidan wani da ya wulaƙanta shi, ya kwana a titi, yunwa da ciwo suka kayar da shi har masu wucewa suna zaton maye ne. Cikin wannan hali wani mai wa'azin Baptis daga Amurka, Rabaran William Judd, da matarsa Nancy, suka ɗauke shi zuwa gidansu. Ya zama mai dafa musu abinci, suka koya masa Turanci da karatu. Ya shaida da bakinsa cewa ya ba su wahala ƙwarai da shaye-shaye da taurin kai, su kuwa ba su kore shi ba. Haƙurin nan nasu ne ya yi abin da bulalar mai burodi ta kasa. Ya bar giya, a 1848 kuma ya karɓi baptisma a hannun Judd.

Sai ga yaƙi ya sāke biyo shi. A watan Maris 1849 shugaban Haiti, Faustin Soulouque, ya kai wa Jamhuriyar Dominika hari, aka kore shi, a watan Agusta kuma ya naɗa kansa sarkin sarakuna yana shirin komawa. Ana ta kama samari ana sa su soja. Muhammadu ya riga ya ga abin da yaƙi yake haifarwa tun a Daboya, sabuwar bangaskiyarsa kuma ba ta bar shi ya zub da jini ba. Kafin ƙarshen shekarar ya sāke shiga jirgi tare da uwargida Judd, suka koma Amurka.

Makaranta da littafi

Daga 1850 zuwa 1853 ya yi karatu a New York Central College da ke garin McGrawville, makarantar da masu yaƙi da bauta suka kafa, wadda take karɓar baƙi da fari, mace da namiji, har da malamai baƙar fata, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Yaron da ya guje wa allo a Zugu ga shi ya zauna kan benci yana da shekara kusan talatin. Zaman bai rasa ƙaya ba. Ya sha tsokana da barazana saboda launinsa, ga kuma dokar 1850 ta kamo bayin da suka tsere, wadda ta sa kowane baƙin mutum a Amurka yake kwana da ido ɗaya. Burinsa guda ne: ya koma Afirka ya yi wa'azi a ƙasarsu, ya kuma ga mahaifiyarsa. Ya zaga majami'u yana neman gudummawa, ya rubuta wa ƙungiyoyin mishan wasiƙu yana roƙo a aike shi ko da a matsayin tafinta ko mai dafa abinci. Ba a aike shi ba.

A 1854 ya ƙaura zuwa Chatham a Kanada, garin da bayi masu tserewa suka mayar mafaka. A wannan shekara aka buga tarihinsa a birnin Detroit, da taimakon wani mutumin Ailan mai suna Samuel Moore wanda ya tsara rubutun. Rabin littafin bayanin ƙasarsu ne, da noma da aure da sarauta da kasuwanci, har da ambaton Katsina da Kano, sauran rabin kuma wahalarsa ce. A Janairun 1855 ya shiga jirgi zuwa Liverpool, domin daga can ne jirage suke zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Ambatonsa na ƙarshe a takardun mishan na 1857 ne, yana Ingila, yana nan yana neman hanyar gida. A 2001 masana biyu, Robin Law da Paul Lovejoy, suka sāke buga littafin tare da wasiƙunsa da bayanin garuruwan da ya ambata, daga baya kuma aka fassara shi zuwa harshen Fotugis don jikokin bayi da na iyayengiji a Burazil su karanta.

Abin da ya rage gare mu

Da fari, mu karɓi rabonmu na kunya. Ran 22 ga Fabrairu 1992 Fafaroma Yohanna Bulus na 2 ya tsaya a gidan bayi na tsibirin Gore a Senegal, ya roƙi gafarar Allah saboda wannan zunubi da mutanen da aka yi wa baptisma suka sa hannu a ciki. Idan magajin Bitrus ya yi haka, mu ba mu da dalilin ɓoyewa. Mai burodin Pernambuco bai fasa addu'a ba ko sau ɗaya, addu'arsa kuwa ta zama abin tuntuɓe ga wanda yake durƙushe a bayansa. Waɗanda suka yi aikin Basamariyen kirki kuma ba 'yan ɗarikarmu ba ne. Manzo Bulus ya roƙi Filimon ya karɓi bawansa Unisimas kamar ɗan'uwa ƙaunatacce. Wannan roƙo yana kanmu har yau.

Na biyu, kada mu ce abin na ƙetare ne. Sa'ad da matafiyin nan Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya ƙiyasta mazaunan birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya ce fiye da rabinsu bayi ne. Gandayen sarauta irin na Fanisau da Ɗorayi da guminsu aka noma su. Dokar Turawa ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901, bauta kuma ba ta ƙare a dokar Arewa ba sai 1936. Har yanzu idan maganar aure ta taso akan ji ana tonon asali ana raɗa. Kirista da Musulmi, dukanmu jikokin wannan tarihi ne, wani ta wajen mai saye, wani ta wajen wanda aka saya, da yawa kuma ta wajen duka biyu.

Na uku, tarkon da ya kama Muhammadu yana nan a ɗane. A 2017 duniya ta ga hotunan da aka ɗauka a Libiya ana gwanjon 'yan Afirka, hanyar da da yawa suka bi kuwa ta ratsa Kano zuwa Agadas. Mu da muke zaune Hotoro da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni muna ganin motoci suna tashi daga tashar Unguwa Uku dare da rana. Mai yaudara a yau ma da fara'a yake zuwa, sau da yawa ɗan gari ne ko ɗan dangi, yana alkawarin aiki a Turai ko a ƙasar Larabawa. Iyaye, kada ku miƙa ɗa ko 'ya ga wanda ba zai faɗa muku sunan gidan da za a kai su ba, ko wanda ya ce zai riƙe musu fasfo. Wanda ya ga abin da bai gane ba, ya sanar da Fada ko katekis, ko ya kai maganar ga hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin wannan aiki.

Sa'an nan mu duba cikin gidajenmu. Yarinyar nan da aka kawo mana daga ƙauye tana mana aiki, wadda take tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, tana zuwa makaranta? Kuɗin aikinta yana isa hannun wa? Sa'ad da muka taru yin rosari da dare, a ina take durƙusawa, da wace fuska kuma take ganin Allahn da muke kira? Kowa ya amsa wa kansa kafin ya matso teburin Ubangiji.

Allah Uba, wanda ya fito da jama'arsa daga gidan bauta ta tsakiyar teku, ya ji kukan dukan waɗanda suke tsare a yau, ya ba da zuciya irin ta Judd da matarsa ga masu samunsu a bakin hanya, ya komar da ɓatattu wurin iyayensu mata. Waliyyiya Josephine Bakhita, ki yi addu'a dominmu. Amin.